Hannun Dama ta Tagar Hagu

Baba bai taɓa riƙe sitiyari ba sai da gemunsa ya yi fari fat. Ƙanena da ke aiki a Jamus ne ya turo masa mota, wata 'yar tsohuwa ruwan toka mai giyar hannu, wai don tsoho ya huta da turereniyar shiga trotro, motocin hayar garinmu. Ranar da aka shigo da ita lungunmu a unguwar Maamobi sai da mai koko ta ja teburinta baya, aka kore awaki, aka lanƙwashe madubin gefe, sannan ta wuce da ƙyar. Mma, mahaifiyarmu, ta fito ta zagaya ta, ta sa albarka, sannan ta tambayi wanda zai riƙa tuƙawa. Baba ya ce mai ita mana. Muka yi ta dariya, shi ko murmushi bai yi ba.

Ashe da gaske yake. Ya je makarantar koyon tuƙi ya zauna cikin samarin da shi ya ɗinka wa ubanninsu rigar angwanci, don tela ne tun kafin a haife ni. Ƙafafun da suka tsufa a kan keken ɗinki ba su sha wahalar kuloci ba, sai dai da farko haka yake taka totur kamar yana ɗinki, ya danna ya saki, ya danna ya saki, motar tana tafiya tana gyangyaɗi. A hankali ya daina. Ya ci jarrabawa, aka ba shi lasisi, ba wanda bai gan shi ba a masallacinmu.

Ni aka ɗora wa aikin zama kusa da shi idan zai fita, don ni kaɗai ce mai tuƙi a gidan. Abinci nake sayarwa, tuwo zafi da waakye, wato shinkafa da wake, kuma da kaina nake zuwa kasuwar Agbogbloshie a motar mijina in ɗauko doya da albasa. Macen da ta saba fitar da mota daga tsakanin manyan motocin albasa ba ta tsoron titi, kuma haƙurinta kaɗan ne. Nawa dai kaɗan ne, kowa a layinmu ya sani.

Tsakani da Allah, Baba direba ne mai tsafta. Ba ya tayar da mota sai ya zagaya ta, ya duba tayoyi, ya leƙa ƙarƙashi ko akwai ɗan akuya ko ɗan mutum. Ba ya motsawa sai kowa ya ɗaura bel, har Mma da ke ƙorafin bel yana yamutsa mata mayafi. Waya idan ta yi ƙara a aljihunsa, sai dai ta gaji ta yi shiru. Sigina kuwa tun kwana tana nesa yake kunna ta, har masu okada su zaci mantawa ya yi. Gudu babu shi. Akwai ranar da mai aboboya, keken nan mai ƙafa uku da ke kwasar shara, ya wuce mu yana waiwayenmu da tausayi.

Matsalarsa guda ce, gaisuwa.

Duk wanda ya san Nima da Maamobi ya san ba a wuce mutum haka kawai. Baba kuwa ya yi wa rabin unguwa ɗinki, ɗaya rabin kuma ya je sunansu ko jana'izar iyayensu. Tafiyar da wani zai yi ya dawo shayinsa bai huce ba, Baba yakan cinye hantsi a kanta. Da ƙafa wannan ba komai ba ne, mutum ya tsaya ya gaisa ya wuce. A mota kuwa direba a hagu yake zama, taga tana hagunsa, hannun da ke kusa da tagar ma na hagu ne. A ƙasar nan, daga Bahaushe har Ashanti har Ga, ba mai ɗaga maka hagu sai wanda ya raina ka. Ko ruwa za a miƙo maka da hagu sai an nemi gafara. Baba da ya ɗaga wa mutum hagu, gara ya fita kasuwa ba hula.

Saboda haka sai ya ɗauko hannun dama, wanda wurinsa sitiyari ne ko giya, ya ƙetaro da shi ta gaban ƙirjinsa, ya zura ta tagar hagu. Kafaɗa ta bi hannu, kai ya bi kafaɗa, hagun da ke riƙe da sitiyari shi ma ya bi, mota kuma ba ta da ra'ayin kanta, sai ta bi su duka. Wannan gaisuwar tsara ce. Idan babba ne, malami ko liman ko wanda ya girme shi, ai ba a miƙa hannu ɗaya tsirara, sai an tallafe shi da ɗayan. Sai Baba ya saki sitiyari gaba ɗaya, ya kama tsintsiyar hannun dama da hagu, ya rusuna, in ya gama kuma ya dafa ƙirji. Motar tana tafiya a kan tawakkali.

Na yi magana har bakina ya bushe. In na ce, "Baba, sitiyari," sai ya ce, "Uwata, ai ina gani." Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, da wannan kiran yake kashe mini baki. Ba ya gani. Mun taɓa tura bencin mai shayi da bamba har cikin rumfarsa. Mun taɓa shiga gaban trotro, direban ya leƙo ya zazzaga mana zagi da yaren Twi, da ya ƙare masa ya koma yaren Ga, Baba ya ɗaga masa hannu, na dama, ya ce ya gai da gida. Ranar da ya gai da limanmu da hannu biyu kuwa tayar gaba ta faɗa gota, kwatar nan da ke bin gefen titi baki buɗe. Samari suka taso daga majalisarsu suka ɗaga motar cak, muna ciki, suka dire ta a kan kwalta. Baba ya yi musu godiya ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce mini wanda ya gina kwatar ne ya matso da ita cikin hanya.

Gaisuwar da ta fi kowace tayar mini da hankali ita ce ta amininsa tun ƙuruciya, wani tsoho mai sayar da goro a bakin babban titin Nima, muna ce masa Kawu. Kafin zuwan mota, kullum da hantsi Baba yana kan bencinsa, suna ɓare goro suna gyara duniya. Da mota ta zo zaman ya mutu, don wurin ba inda za a ajiye ko keke, ga shi Baba ya samu wuraren zuwa, ɗaurin aure a unguwar Madina, ta'aziyya a Ashaiman, suna a Sabon Zongo. Sai abin ya koma gaisuwar wucewa. Teburin Kawu yana daidai inda hanya ta matse, masu talla sun cinye rabinta. Salansar motarmu tana da wani kuka da ake ji daga nesa, kafin mu iso Kawu ya riga ya ɗaga hannu, Baba kuma ya juya gaba ɗayansa ya ba shi hannu biyu har sai mun wuce. Ni a nan nake yin kalmar shahada.

Abin ya daina ba ni dariya wata ranar da muka biyo ta bakin kasuwa. Wata 'yar kayaye, cikin matan nan da ke zuwa daga arewa suna dako, ta sauko titi da kwanon tumatir a ka da goyo a baya. Baba yana can yana tambayar wani surukinmu jikin tsohuwarsa. Na fizgo birkin hannu da dukkan ƙarfina, motar ta mutu, ta tsaya bamba na taɓa zanin matar. Ba ta yi ihu ba, ba ta zage mu ba. Ta kai hannu baya ta shafa kan jaririn, ta dube mu, ta wuce. Na ga ƙafar yaron, 'yar mitsitsiya, tana reto a saman murfin injinmu. Ni na yi ihun a madadinta. Abin da na faɗa wa Baba a ranar duk titin ya ji, kuma har yau ban ga abin janyewa a ciki ba. Shi kuwa ya sake tayar da motar, muka juya gida.

Da muka koma gida na kwashe duka na faɗa wa Mma. Ta ce Baba ya ba ta makullin ta gani, kamar mai son duba wani abu a jikinsa. Ya ba ta. Ta ƙulle shi a bakin zaninta, ta koma kan tsintar shinkafarta. Mma haifaffiyar Nima ce, a bakinta mace da namiji duk "kai" ne, duk "ya" ne, Baba ya tsufa yana gyara mata bai ci nasara ba. Ta ce, "Mota ya huta, kai ma ka huta."

Bai huta ba. Kowace safiya sai ya wanke motar tas, ya goge gilashi, ya shiga ya zauna a kujerar direba da carbinsa, ƙofa a buɗe. Daga nan yake gai da masu wucewa, da hannu ɗaya ko biyu, yadda ransa yake so, tunda motar ba inda za ta. Abinci ya ragu a kwanonsa. Wata rana na kawo masa tuwo can cikin motar, ya ce mini tunda ta zo bai sake roƙon ɗan kowa ya kai shi jana'iza ba, bai sake tsayuwa a rana ana ce masa tsoho yi sauri ka hau ba. Ya ce yanzu za a mayar da shi kaya, a ɗauka a ajiye. Ya ba ni tausayi sosai, amma ƙafar jaririn nan ba ta fita daga idona ba.

Muka shiga neman mafita. Na ce ya riƙa danna hon kawai. Ya ce shi ba ɗan taksi ba ne da zai riƙa kiran dattawa kamar fasinja, hon na awaki ne. Na ce to ya kaɗa kai. Muka gwada a tsakar lungu, mota a kashe, ya sunkuya har hularsa ta danna hon ɗin da ya ƙi. Ƙanena ya kira ta waya ya ce a can Turai yatsa ɗaya ake ɗagawa daga kan sitiyari, Baba ya ce Allah ya shirye su. Na ce to ya ɗaga hagun mana, kowa ya san direba ne, ba mai riƙe shi da laifi. Ya dube ni kamar na ce ya ci abinci da rana a cikin azumi, ya ce da ya san irin tarbiyyar da na ɗauko a Agbogbloshie ke nan da bai bar ni na fara zuwa ba.

Mma ce ta yanke magana. Ta ce zai tuƙa mu daga gida, ya ratsa Nima, ya kai mu gidan ƙanwarsa a unguwar New Town, gilashi a rufe, hannu a kan sitiyari sai dai in giya zai canja, ido a kan titi. In ya kai ba tare da ya gai da kowa ba, makulli nasa ne. In hannu ya tashi ko sau ɗaya, motar ta koma hannuna har abada. Baba ya ce a yi bayan sallar asuba, lokacin titi ba kowa. Mma ta ce ranar Laraba da hantsi, ranar kasuwa, lokacin da duk wanda ya sani yana waje. Matar nan ba ta da imani in ta ga dama.

Ranar Laraba ya sa farar riga kamar mai zuwa kotu. Ya zagaya motar, ya leƙa ƙarƙashi, ya yi addu'a mai tsawo. Mma ta kwance makullin ta miƙa masa, ta shige baya ta rungume jakarta, ta ɗaura bel ba tare da an ce mata ba. Ni ina gaba, hannuna kusa da birkin hannu. Motar ba ta da na'urar sanyi, ga gilashi a rufe, kafin mu fita daga lungu mun fara dahuwa.

Mai koko ce ta fara. Ta ɗaga ludayi ta ce Alhaji barka da fitowa, mun ga bakinta yana motsi. Baba ya wuce ta kamar bai taɓa shan kokonta ba. Sai wanzami, sai ladan, sai wani tsohon almajirinsa na ɗinki da ya durƙusa har ƙasa a bakin shagonsa. Jijiyoyin hannun Baba suka tashi, ya damƙe sitiyari kamar za a ƙwace masa. Can na ji yana magana ƙasa-ƙasa, na zaci salati yake, na kasa kunne. Ashe amsawa yake, shi da gilashin gaba. "Lafiya lau. Da godiya. Iyali suna lafiya. Ya kasuwa? Madalla." Na waiwaya na dubi Mma, ta ce baki ba ya cikin sharaɗi.

Ku zo ku ga tuƙi a ranar. Ya ba masu tsallaka titi hanya, ya hangi wani mai baro tun kafin ni in gan shi, ya bar tazara tsakaninsa da trotro ɗin gabanmu, har wani ɗan okada ya shiga tazarar ya zauna. Liman ya fito daga wani kanti daidai gefenmu, ya tsaya ya ɗaga hannu. Kafaɗar Baba ta motsa, Mma ta yi gyaran murya, kafaɗar ta koma. Gumi yana sauka daga ƙarƙashin hularsa yana shiga gemu, bai share ba, don kada a ce hannu ya tashi.

Sai muka iso wurin Kawu. Tun daga nesa hannunsa yana sama kamar kullum. Cunkoso ya riƙe mu daidai gaban teburinsa, ba gaba ba baya, tsakaninmu da shi bai fi a miƙa goro ba. Baba ya ƙura wa bayan trotro ido kamar yana karanta rubutun da ke jikinta. Wannan karon ko amsawar ƙasa-ƙasan bai iya ba. Da hanya ta buɗe muka wuce, na duba madubi, hannun Kawu yana nan a sama bai sauke ba. Na san Baba ma ya gani, don direba ne mai duba madubi.

Muka kai New Town lafiya. Ya kunna sigina, ya faka daidai, ya ja birkin hannu, ya kashe mota. Mma ta ce, "Ka ci. Makulli naka ne." Na zaci zai yi mana gori. Sai ya sa makullin a aljihu, ya buɗe ƙofa, ya ce ko gidan ƙanwar tasa ba zai shiga ba, akwai mutanen da ya yi wa rashin mutunci, zai koma ya ba su haƙuri. Da ƙafa. Mma ta ce ita ba ta saɓa wa kowa ba, ta shige ciki. Ni na bi shi, ina mita, don rana ta take kuma takalmina ba na tafiya ba ne.

Ba wanda bai lura ba. Mai nama ya ce ai ya zaci Alhaji ya samu muƙami a gwamnati. Wata hajiya mai sayar da kayan yaji ta ce ta riga ta aika a tambayi Mma ko wani abu ta yi masa. Liman ya saurari bayani har ƙarshe, ya ce kiyaye rai ya fi gaisuwa, sannan ya ƙara da cewa amma dai ya ji abin a ransa. Kowanne Baba ya tsaya, ya ba shi hannu, ya faro labarin daga farko, har da cewa ni ce na kai ƙararsa. Kafin mu kai teburin goro na zama muguwar 'ya a faɗin Nima.

Kawu yana zaune yana yayyafa wa goro ruwa. Baba ya yi sallama, ya durƙusa a gabansa, ya ce ya zo neman gafara ne. Kawu ya juyo da fuska wajen muryar, ya washe baki, ya tambaye shi gafarar me.

"Na wuce ka ɗazu ban gaishe ka ba."

"Ka gaishe ni mana. Na ji kukan motarka, na ɗaga hannu kamar kullum."

"Kai ka ɗaga. Ni ban ɗaga ba."

Kawu ya ce, "Ashe da kana ɗagawa?"

Dariya ta taso mini, na danne ta, don na ga inda idanunsa suke kallo. Ba Baba suke kallo ba, gefen kunnensa suke kallo, kuma wani farin abu ya lulluɓe su. Kawu ya ce ai an daɗe yanar nan tana rufe masa ido, tun wajen zuwan motar abin ya fara, yanzu bakin teburin nan ma sai da lalube. Goro dai hannu ya san shi, mutane kuma murya. Ya ce ya so ya faɗa wa Baba, to amma ba a faɗa wa mota magana, kafin ka buɗe baki ta wuce. Ya faɗe shi yana dariya, ba da gori ba, har yana lalubo wani babban farin goro ya miƙa wa iska, Baba ya matsa ya karɓa.

Na zo da maganganu cike da baki, na kwata da bencin mai shayi da duk ranakun da muka kusa mutuwa a daidai wannan wurin saboda gaisuwar da ba mai ganinta. Na haɗiye su duka. Baba ya daɗe a durƙushe da goron a hannunsa. Sannan ya tashi da ƙyar, ya karkaɗe bencin da gefen rigarsa, ya cire takalmi, ya zauna. Ya laluba aljihu ya ciro makullin ya miƙo mini, ya ce in je in ɗauko Mma in kai ta gida. Na tambaye shi ƙarfe nawa zan dawo masa da motar.

Ya ce, "Riƙe ta, Uwata. In ina da jana'iza zan faɗa miki."

Na tsaya ina jiran ya ƙara wani abu, amma ya riga ya juya, yana tambayar Kawu wane asibiti aka kai shi, kuma me likita ya ce.